Layin da Na Bari Ajiya a Segbana

A Segbana na fara jin cewa na bar gida, duk da tsakaninta da Tsamiya ba wata tafiya ba ce. Kuka da ɗorawa irin namu ne, shanun ma farare irin namu, amma jandarman da ya karɓi katina ya zubo mini Faransanci kamar ana juye tsakuwa a kwano. Ni da na shekara shida ina koyar da Faransanci a Bagudo, ban kama komai ba sai “madam”. Na gyaɗa masa kai sau uku ban san abin da na amsa ba. Dama dalilin tafiyar ke nan: an ba ni gurbin kwas na wata huɗu a Paraku, can cikin ƙasar Binin, in je in gyara harshen da nake cin abinci da shi.

Ajina kuwa ban bar shi a gida ba, a jaka na taho da shi. A shekarar an rufe ɓangaren kwana na makarantarmu saboda tsoron 'yan bindiga, ga 'yan aji shida jarrabawar fita na gabansu. Shugabarmu Hajiya Luba ta ce kowace malama ta buɗe wa ajinta guruf a waya, karatu ya ci gaba. Ni 'yan mata talatin da biyu suka faɗo mini. Da ƙafata na bi gida gida, Zagga, Sharabi, har rugage, ina roƙon iyaye su bari 'ya'yansu su riƙa aron wayar yayyensu maza awa ɗaya bayan la'asar. Wanda ya fi ba ni wuya shi ne Baffa Sanda, wani makiyayi a bayan Sharabi. 'Yarsa Adama ta fi kowa kai a ajin, kuma kullum ita ce ta farko wajen kawo aiki. Sai a zuwa na uku ya yarda, da sharaɗin ba za ta yi magana da kowa a wayar ba sai ni. Na dafa ƙirji na ce ya bar mini komai.

Kafin a fara, Hajiya Luba ta tara mu ta ce kowa ta saka wa manhajar da guruf ɗin ke ciki lambar sirri ta biyu, wadda ko mutum ya ɗauki layinki ba zai shiga ba sai da ita. Ta kawo takarda muka sa hannu cewa mun yi. Na sa hannu. Ban yi ba. Na ce sai na koma gida, na koma gida na manta. Abin dariyar shi ne, ni aka tsayar ranar na yi wa iyaye bayanin tsaron waya, wai ni ce mai baki.

To, ga ni a tashar Segbana da hantsi, motar Kandi ba ta cika ba, wayata ta mutu. Na nufi wata rumfar caji da ke bakin tasha. Mai rumfar wani dogo ne mai tsabta, da carbi a wuyan hannu. Ina yin sallama ya miƙe.

“Sannu da hanya, Malama. Mutunniyar Bagudo ta, ko? Tun ga gaisuwa nig gane.”

Wanda bai taɓa tsayawa a ƙasar da ba a jin maganarsa ba, ba zai san daɗin da na ji ba. Ya tambaye ni gidanmu, na ambaci kawuna mai sayar da shinkafa a Zagga, ya tafa hannu ya ce ai aminin babansa ne. Sai daga baya na tuna cewa ni na fara faɗin sunan, shi amin kawai ya ce. Ya duba wayar ya ce ramin layi ɗaya ne ke aiki, abin da na riga na sani. Ya ce dole in sa layin Binin, kuma guruf ɗin ajina ba zai taɓu ba, don intanet yake bi. Wannan gaskiya ya faɗa.

“Amma layin gida kak ki tahi da shi,” in ji shi. “Gaban Kandi jandarmomi in sunka gan shi sai su ce hwasa-ƙwabri kika yi. Ki bar shi nan ajiya, rad da kinka komo ki amshi abinki.”

Ya jawo wani gwangwanin madara cike da 'yan ƙunshin takardu, kowanne da suna. Mu mutanen iyaka da ajiya muka tashi. Mai ƙetarawa yakan bar babur, ko buhun hatsi, ko makullin ɗaki a wurin mai shago, ya dawo bayan wata biyu ya tarar da abinsa yadda ya bar shi. Mahaifina ya yi shekaru yana barin kekensa a Dole Kaina in zai shiga jirgin ruwa, ko bawul ba a taɓa cire masa ba. A wurinmu tambayar mai ajiya shaida zagi ne. Saboda haka na naɗe layin a takarda, na rubuta sunana da hannuna, har na ƙara da cewa malamar makarantar 'yan mata ce, don kada a haɗa da na wata. Ya ce in buɗe masa wayar ya saka mini data, na zana masa yadda ake buɗewa, na tafi na yi azahar na ci abinci. Awa guda wayata tana hannunsa a buɗe. Da na dawo har godiya na yi masa, na ce Allah ya bar zumunci.

Hanyar Kandi ta gwada mini ruwan cikina. Mu tara a motar mutum biyar, ga jarkokin fetur a ƙarƙashin ƙafa, warin ya hau mini kai. Wata tsohuwa Bafulatana da ke gefena ta ga ina ƙoƙarin amai, ta tsayar da direba da tsawa, ta riƙe mini goshi a bakin hanya, sannan ta ɓallo mini soyayyen cuku daga ƙullin zanenta. Ba ta tambayi sunana ba, ni ma ban tambayi nata ba. A Kandi motar ta lalace tsakanin manyan motocin auduga, muka kwana a tasha. Washegari a Paraku ɗan kabu-kabu ya gane baƙuwa ce ni, ya zaga da ni gari har na ga wani masallaci sau biyu, kafin ya sauke ni a ƙofar da ke bayan tashar da ya ɗauke ni.

An sauke ni a gidan wata dattijuwa, Mama Bake, 'yar asalin garin. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta, sai 'yar Dendancin da na tsinta a kasuwa muke lallaɓawa da ita, sauran da hannu. Sakwara safe, sakwara rana. Na yi kewar tuwon shinkafa da kifin Kwara har na riƙa mafarkinsu. Ɗaki ɗaya muke da wata malama daga Gaya ta Nijar, Zalika, gajeriya mai faɗa, wadda ta ce Faransancina irin na littafi ne da ruwa ya jiƙa. A aji su goma sha biyar duk sun fi ni, malamin kwas kuma in na buɗe baki sai ya runtse ido kamar haƙori ke masa ciwo. Abin da ke riƙe ni kawai shi ne la'asar. In zauna a gindin mangwaron Mama Bake in buɗe guruf, in ji muryoyin 'yan matana, wata da kukan akuya a bayanta, wata da dakan turmi. A nan ni ce Malama, ba daƙiƙiyar aji ba.

Ranar Litinin ta mako na biyu na zauna a gindin mangwaron, na buɗe, sai na ga rubutu cewa an yi rajistar lambata a wata waya. Guruf babu, komai babu. Ba zan ce ban gane ba. Gwangwanin madarar nan ya zo mini a ido tar. Na san lambobi shida da ake turowa a layi sun sauka a Segbana, na san kuma abin da zai hana shi shiga shi ne lambar da na sa hannu na ce na saka.

Lambar Hajiya Luba a kaina take. Lambobin gidajen 'yan matan duk suna cikin wayar. Kira ɗaya ne. Na ɗauki wayar na ajiye ya fi sau goma. In ce mata me? In ce ni da na tsaya gaban iyaye ina kaɗa yatsa, ni ce na naɗe layina a takarda na miƙa wa mutumin da ban san sunansa ba? Na ce wa kaina watakila kuskure ya yi, ya sa layin a wayarsa don gwaji. Na ce ranar Asabar zan hau mota in je in karɓo, in gyara komai ba wanda ya sani. Asabar ta zo aka sa mana gwaji. Na ce to wata Asabar. Kowace la'asar sai in ɗauki littafi in zauna a gindin mangwaro kamar mai aiki, don kada Zalika ta tambaya. Abinci ya daina shiga. Mama Bake ta ɗauka zazzaɓi ne, ta dafa mini ganye mai ɗaci, ta zauna tana shafa mini baya, ni kuwa ina shan maganin ciwon da ba ni da shi.

Kwana takwas na yi a haka. Ranar Talata Zalika ta tsaya a kaina da hannu a ƙugu.

“Ke, ina ɗiyan naki? Mako guda ban ji kina yi musu hwaɗa ba.”

Na fara kame-kame, sai kuka ya ƙwace mini. Na gaya mata duka. Na zaci za ta rarrashe ni.

“Tun yaushe?”

“Litinin waccan.”

“Waccan? Ke mahaukaciya ta? Layi ai ba keke ba na da a ka bari ajiya, makullin gidan mutane talatin na! An sace shi ba komi, kowa a ka yi ma sata. Amma ɓarawo na cikin ɗakin ɗiyan mutane kina nan kina shan ganye? Amshi, kira yanzu, gabana.”

Ta danna mini wayarta a hannu. Hajiya Luba ta ɗauka a bugu na biyu. Da ta ji muryata ta yi salati, ta ce kwana uku suna nemana. Na ce an yi mini kutse, na faɗe shi kamar abin daga sama ya faɗo.

“Lambar sirrin hwa da munka sa hannu?”

Na ce ban saka ba.

“To, na ji,” ta ce. Sannan ta gaya mini abin da ya faru, a hankali, ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mutumin ya kwashi tsofaffin saƙonnin muryata a awar nan da na ba shi. Ya tura ɗaya a guruf, wanda nake cewa salamu alaikum 'yan matana, ina fatan kowa ta yi aikinta. Muryata ce, ba wanda zai yi shakka. Bayansa ya rubuta cewa masu jarrabawa sun ce hotunan rajista ba su yi ba, kowace ta ɗauki sabo ba ɗankwali, kunnuwa a waje, ta turo mini ni kaɗai. Da yawa Allah ya tsare su da rashin data, wasu iyayensu mata suka hana. Biyar suka tura, Adama ce ta farko. Ya bi ta gefe yana neman wasu hotunan da bakina ba zai iya faɗa ba. Ta ƙi. Sai ya saka hotonta a guruf da maganar banza a ƙarƙashi. Wayoyin nan kuwa na yayye maza ne. Kafin ranar kasuwa hoton ya gama hannun samarin kara, wato kasuwar shanu. Adama ta rantse wa mahaifinta cewa Malama ce ta ce a tura. Yayanta ya kira lambata a gaban kowa, namiji ya ɗauka yana dariya. Daga nan ba wanda ya ƙara sauraronta. Baffa Sanda ya ce ta yi masa ƙarya da sunan malama, ya ce ita da boko har abada.

A ranar da na kira, na karanto wa Hajiya Luba lambobin gidajen daga wayata, ta raba su ga malamai huɗu. Cikin awa biyu an sanar da kowane gida, kowa ya fita daga guruf ɗin. Awa biyu. Wannan shi ne aikin da na kasa bari a yi kwana takwas.

Na bar kwas ɗin. Mama Bake ta ƙulla mini garin rogo da ƙuli a leda, ta raka ni har bakin titi tana magana da yarenta, ina amsawa da nawa. Zalika ta karɓi wayata ta sa mata makulli sabo, ta ce in na ƙara zana wa wani ƙato yadda ake buɗewa za ta biyo ni har Bagudo. A Segbana na sauka na nufi rumfar. Wani ne daban a wurin yana sayar da fetur a kwalabe. Ya ce mai cajin ya tashi kwana biyar da suka wuce, ba wanda ya san garinsu, wasu ma sun zo neman ajiyarsu kafin ni. A gida na je ofishin masu layi aka toshe tsohon aka ba ni sabo da lambata. Ina saka lambobi shida aka fitar da shi, amma ni ma ban samu shiga ba sai bayan mako, domin ɓarawon ya saka lambar sirrin da ni na yi ƙyuyar sakawa. Ya fi ni bin dokar Hajiya Luba.

Tun daga lokacin, duk farkon zango ni ake tsayarwa gaban malamai da ɗalibai, kuma yanzu ba na kaɗa yatsa. Ina sa kowa ta fito da waya ta saka lambar a gabana in gani da idona, ban yarda da sa hannu ba. Ina gaya wa 'yan mata ko muryata suka ji tana neman hoto, su kira ni baki da baki, ko su tura a tambayi shugaba, domin murya ma ana sata. Abin da na fi daɗewa a kai shi ne na ƙarshe: in abu ya faru, a faɗa a cikin awar, ko da ke ce kika yi wautar.

Amma kafin duk wannan akwai Sharabi. Na je kwana biyu da dawowata, da safe, shanu ba su fita ba. Baffa Sanda yana zaune a kan buzu yana gyaran igiya. Na durƙusa nesa na gaishe shi, ya amsa ba tare da ya ɗago ba. Na ce, “Baffa, yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Lambata ta, muryata ta. Ni nib ba da layin da hannuna ga wani mutum Segbana, shi yay yi wanga aiki da sunana.”

Ya daɗe yana murza igiyar. Ya ce, “Ke kinka ba shi?”

“Ni nib ba shi, Baffa.”

“Na buge ta,” ya ce. “Tun tana ƙarama ban taɓa ɗora mata hannu ba. Na ce mata maƙaryaciya gaban ƙannenta.” Ya ajiye igiyar. “Ni kin gaya min, na ji. Kasuwa hwa, wa ka gaya musu?”

Na ce zan je wurin sarkin kara da liman in faɗa da bakina, kuma na je daga baya, na faɗa, wasu suka yarda wasu suka taɓe baki. Na roƙe shi ya bar ta ta zauna jarrabawa, saura wata biyu. Ya ce shi ya janye maganarsa, in tana so ta koma. Ya nuna mini bayan bukka da haɓa.

Tana tsugune tana wanke ƙwarya. Ta rame. Ta gaishe ni da ladabi kamar kullum, har da tambayar gajiyar hanya. Na zauna a ƙasa kusa da ita na ba ta labarin duka, rumfa, gwangwani, takardar da na rubuta sunana. Na gaya mata Baffa ya yarda ta koma, na ce zan riƙa zuwa da kaina ina yi mata bitar abin da ya wuce ta. Tana saurare tana zuba ruwa a ƙwaryar tana zubarwa. Da na gama ta ɗago ta dube ni.

“Malama, yaushe kinka sani an amshe lambar?”

Ba wanda ya yi mini wannan tambayar a Bagudo, ko Hajiya Luba. Da na ce Talatar da na kira, ba mai ƙaryata ni, Zalika tana can wata ƙasa. Na ji ƙaryar ta zo har bakina.

“Litinin,” na ce. “Ta makon da abin yaf fara.”

Ta sa yatsa a kan ƙasa mai laima ta ja layi ɗaya, ta ja na biyu, ta ja na uku. Ta tsaya tana kallonsu.

“Alhamis nit tura,” ta ce.

Ba ta yi kuka ba. Ta kife ƙwaryar a kan danga, ta ce mini a sauka lafiya, ta shiga bukka. Na jira har rana ta take, ba ta fito ba. Na koma sau huɗu kafin jarrabawar, kowane zuwa ta gaishe ni ta kawo mini nono, in na ɗauko maganar makaranta ta ce tana da aiki.

Ranar jarrabawar farko ni aka sa tsaron ɗakin. Kujerarta tana layi na biyu kusa da taga, da lambarta manne a kan tebur. Na raba takardu har na zo wurin, na ajiye tata kamar ta kowa, na ce watakila babur ne ya makara. Awa uku ina kallon ƙofa. Da aka buga ƙararrawa na bi layi ina karɓa, na ɗauki tata ba ko suna a kai, na rubuta da hannuna cewa ba ta zo ba.